Windows biyu a laftof ɗaya: a goge ɗaya ko a yi mata fomat gaba ɗaya?

Malam Habu: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da yamma. Masana kwamfuta na gidan nan, don Allah ku duba min. Laftof ɗina HP EliteBook 840 G3 ce, 'yar Baljiyam, da ita nake haɗa sakamakon jarrabawar yaranmu. Nauyi ta yi, sai ka kunna ta ka je ka yi alwala ka dawo ba ta gama tashi ba. Na kai wa wani yaro a cikin gari ya ɗora min sabon Windows. Tun da na karɓo ta, in na kunna sai shuɗin sikirin ya fito da Windows 10 har guda biyu, wai in zaɓi ɗaya. Na sama fes yake, ba ko takarda ɗaya. Na ƙasa shi ne tsohon nawa da kayana. Ga shi wuri ya cika, jan layi take nuna min. Yaya zan yi in cire ɗaya? Ƙarshen zango ya matso.

Sadik: Wa'alaikumus salam Malam. Wannan ai mai sauƙi ne. Ku danna maɓallin Windows da R tare, ku rubuta msconfig, ku shiga inda aka rubuta Boot. Za ku gan su a jere. Ku zaɓi wanda ba kwa so, ku danna Delete, shi ke nan.

Ɗan Gujungu: Malam, wasu ɗaya ma ta gagare su, kai kana da biyu kana kuka 😂

Injiniya Nura: Malam Habu, dakata tukuna, kar ka goge komai. Abin da Sadik ya faɗa sunan kawai yake cirewa daga wancan shuɗin sikirin. Shi Windows ɗin yana nan daram a had-dis, bai rage ko mega ɗaya ba, jan layin ma yana nan. Kuma in sunan tsohon ka cire, ka toshe wa kanka hanyar shiga wanda kayanka suke ciki. Ka shiga sabon, ka danna dama a kan Start, ka zaɓi Disk Management, ka ɗauko mana hoton abin da ya fito.

Sadik: Oga Nura, ai cewa suka yi a cire ɗaya daga zaɓin.

Injiniya Nura: Ya kuma ce wuri ya cika. Ka karanta har ƙarshe.

Malam Habu: Hoton ya ƙi tafiya, sai juyawa yake, sabis ɗinmu sai an hau tudun makaranta. Bari in rubuto. Disk 0, 465.76 GB. Akwati na farko D ne, giga 270, a ƙasansa an sa Healthy, System, Active, Primary Partition. Na biyu C, giga 195, an sa Boot, Page File, Crash Dump. To wani abin kuma, ni 500 aka ce min lokacin da na saya. Ina sauran suka shiga?

Usaini Beirut: Ba wanda ya cuce ka Malam. Kamfanin da ya ƙera had-dis da dubu-dubu yake lissafi, Windows kuma da 1024. Duk had-dis mai 500 da ka gani a duniya 465 zai nuna, mai tera ɗaya kuma 931. Kusan kullum sai mun yi wannan rigimar da kwastoma a shago.

Injiniya Nura: To ga abin da nake gudu. Yaron bai goge tsohon ba, a ɗaya fatishan ɗin, wato ɗaya ɓangaren had-dis ɗin, ya ɗora sabo. Ka lura da inda aka rubuta System da Active, a kan D suke. Fayilolin da suke tayar da kwamfutar ke nan, suna zaune a wajen tsohon Windows. Wanda aka rubuta wa Boot shi ne Windows ɗin da kake ciki yanzu. Wato mabuɗin sabon ɗakin a tsohon ɗaki yake rataye, in ka rushe tsohon da mabuɗin ya tafi. Daga cikin Windows ba zai ma bar ka ka yi wa D fomat ba, za ka ga wajen ya dishe. Amma mutane kan shiga ta filash su goge shi da ƙarfin tsiya, su kunna, HP ta ce Boot Device Not Found, 3F0. Daga nan sai a ce had-dis ya mutu, alhali lafiyarsa ƙalau.

Alhaji Ɗanjuma: Ikon Allah. Ashe yaron nan Sadik rami ya so ya jefa malaminsa.

Sadik: Haba Baba, ni ban ce a goge fatishan ba 🙏

Malama Hadiza: Ni kafin a je maganar gogewa, Malam Habu, ina tambaya. Da can kafin ka kai gyara, ba ka da wani D da kake ajiye kaya a ciki?

Malam Habu: Ina da shi Malama. Nan nake zuba tafsirai da hotunan bikin ƙanwata da na sunan yara. Yanzu da kika faɗa gabana ya faɗi, don D ɗin da nake gani yanzu ba shi ba ne.

Injiniya Nura: Kowane Windows in ya tashi kansa yake kira C, ya ba wa ɗayan wani harafi. Tsohon D ɗinka shi ne C na yanzu. Buɗe This PC, shiga C, ka duba gefen foldar Windows da Program Files. In yaron bai yi masa fomat ba, kayanka suna nan.

Malam Habu: Alhamdulillahi! Ga su nan. Foldar TAFSIR, foldar BIKI, har da wata da na sa wa suna SABON ABU tun bara ban san me ke ciki ba.

Malama Hadiza: To ka ga. Kaya suna ɓangare biyu ke nan, duk wanda aka taɓa akwai asara. Shi ya sa ni a shagona ba na fara maganar fomat sai na ga kayan mutum sun koma wani wuri, na buɗe su da idona. Na tsohon Windows ɗin ka shiga D, Users, sai sunanka. Zai ce ba ka da izini, ka danna Continue ka jira. Ka kwashe Desktop, Documents, Downloads, Pictures. Downloads ɗin nan shi mutane suka fi mantawa, kuma nan silif ɗin JAMB da na NIN da takardun da aka turo daga ofis suke taruwa.

Injiniya Nura: Ƙari a kan na Malama. Tun yanzu ka canja musu suna, ka danna dama ka zaɓi Rename, ɗaya TSOHO ɗaya SABO. A wajen ɗora Windows ba harafi za ka gani ba, Partition 1 da Partition 2 za ka gani, sai suna da girma. Harafi yana canjawa, 270 da 195 ba sa canjawa.

Ɗan Gujungu: Ni fa a ganina duk wannan dogon Turanci ne. Waya in ta rikice filashin ake mata ta dawo sabuwa. A yi wa wannan ma haka a huta.

Malama Hadiza: Waya lambobinka suna kan Gmail, su dawo da kansu. Sakamakon yara aji shida da yake cikin Excel wa zai dawo da shi? Kai za ka je ka yi wa shugaban makaranta bayani?

Ɗan Gujungu: Na janye, Anti.

Injiniya Nura: Hanya biyu ce a gabanka, Malam.

Ta farko gyara ba tare da an share komai ba. Daga cikin sabon Windows a buɗe Command Prompt a matsayin admin, a rubuta bcdboot C:\Windows /s C: don a kwafo fayilolin tashi zuwa C. Sai a koma Disk Management a mai da C ya zama Active, a kashe a kunna. In ta tashi kuma System ya dawo kan C, to an 'yanta D, sai a yi masa fomat, in da sauran suna a msconfig a share. Tana aiki, na sha yi. Amma C zai ci gaba da zama giga 195, don Disk Management ba ya ƙara wa fatishan girma sai in filin da ba kowa yana damansa, naka kuwa a hagu yake. Sannan ba mu san wane irin Windows yaron ya ɗora ba. Akwai waɗanda aka yi wa kwaskwarima suna yawo a filash, an cire musu Defender mai kare su daga bairos, an kashe sabuntawa, wani ma an cusa masa abin da ba a sani ba.

Ta biyu, ka kwashe kayanka kaf, a share had-dis ɗin baki ɗaya, a ɗora Windows ɗaya na asali. Da tawa ce, ta biyu zan bi.

Sadik: Ni dai ina ganin ta farko ta fi. Malam ba su da lokaci, kuma akwai manhajoji irin su GParted da za su matsar da C zuwa hagu a haɗe filin. Ba sai an sake ɗora komai ba.

Injiniya Nura: Malam Habu, batirinka yana riƙe wuta?

Malam Habu: Ina fa. Ana zare caja ko minti goma ba ta yi.

Injiniya Nura: To ka ji, Sadik. Matsar da fatishan mai kaya a had-dis mai juyawa aikin awanni ne, ana ɗebe bayanai daga nan ana sauke su can. Janareta ya yi tari a tsakiya, ba C ba D. Shi kuwa ɗora Windows in wuta ta ɗauke, sake farawa kawai za a yi, tunda kayan suna waje.

Sadik: Amma ai ko ta wace hanya sai an kwashe kayan. In an kwashe, me za a ji tsoro?

Injiniya Nura: In an kwashe, me ya rage da za a yi wa wahalar matsarwa? Windows ɗin da ba mu san asalinsa ba?

Alhaji Ɗanjuma: Nura ya kayar da kai, yaro. Ka yi shiru ka ƙaru.

Usaini Beirut: Ku bar ni in faɗi gaskiya ko da za a ce talla nake. Asalin ciwon da ya sa Malam ya kai ta gyara nauyi ne, kuma fomat ba ya maganin nauyin had-dis. Sati biyu za ta yi tana sauri, ta koma gidan jiya. Windows 10 a kan had-dis mai juyawa, ka buɗe Task Manager ka ga Disk yana kan 100% ba ya sauka. A sa mata SSD, ma'ajiyar da ba ta juyawa kuma ta fi had-dis sauri, ko mai giga 256 ne, a ɗora Windows a kai, tsohon had-dis a sa shi a kes ya zama na ajiya. Ka ga ba ma sai an goge komai ba.

Ɗan Gujungu: Ɗan kasuwa ya shigo 😂 Nawa ne?

Usaini Beirut: Farashi da dala yake tafiya, wanda na faɗa yau gobe ya tashi. A same ni ta gefe.

Malam Habu: Usaini, maganarka gaskiya ce, amma sai an yi albashi, kuma akwai taki a gabana. Yanzu dai a yi da abin da ke hannu.

Injiniya Nura: Ba laifi, amma Usaini ya tuna min abu. Kafin ka wahalar da kanka, a duba lafiyar had-dis ɗin. Akwai ƙaramar manhaja CrystalDiskInfo, kyauta ce, ba ta cin data sosai. In ta nuna Good da shuɗi, mu ci gaba. In ta nuna Caution da ruwan ɗorawa, musamman a layin Reallocated Sectors, to had-dis ya fara lalacewa, fomat ɓata lokaci ne, sai dai a nemi kuɗin SSD ko da bashi. Ka kuma kara kunnenka a jikinta ka ji ko tana ƙas-ƙas.

Malam Habu: Barkanmu da asuba. Na hau tudu na sauke ta. Good ta nuna, shuɗi. Ba ƙas-ƙas, sai ƙugin fanka. Na kuma auna kayana, sun kai wajen giga 60. Ina da filash mai 64 da na saya a kasuwa, in zuba a ciki?

Malama Hadiza: A hannun wa ka saya, kuma nawa? In a tire ka saya da arha, kar ka yarda da shi. Akwai na jabu da yake nuna 64 alhali cikinsa bai wuce 8 ba. Zai karɓi kaya kamar gaske, sunayen fayiloli duk su fito, ranar da ka zo buɗewa ka tarar hotuna sun zama toka, Excel ya ce ba ya gane fayil ɗin. Wata baiwar Allah ta zo min da irinsa da aikin digirinta a ciki, bayan ta riga ta sa an goge kwamfutar. Kuka ta yi a shagon nan har na rasa abin da zan ce mata. Ana gwada shi da H2testw, ya cika shi ya karanta ya faɗa maka gaskiyar girmansa. Ko mai kyau ne ma, mai 64 abin da yake ɗauka bai kai 60 cif ba.

Malam Habu: A tire na saya kuwa, Malama.

Injiniya Nura: Bar shi. Ran Lahadi zan ba direban Haɗeja had-dis ɗina na waje da filash mai Windows 10 da na haɗa da Media Creation Tool daga shafin Microsoft. Ya ajiye wajen Ɗan Gujungu, ka karɓa in ka shigo kasuwa. In ka ce kai za ka sauke, giga da yawa ne, da sabis ɗin tudun makaranta sai dai a yi hutu a dawo. Ga wanda zai haɗa nasa, filash ya kai giga 8, kuma duk abin da ke cikinsa gogewa zai yi.

Ɗan Gujungu: Ina nan rumfata ta POS. Ajiya kyauta, amma Malam zai sayi lemo.

Malama Hadiza: Fayilolin sakamakon nan kuma, tunda ƙanana ne, ka tura wa kanka su ta imel ko ka sa a waya. Su zama wuri biyu.

Sadik: Tunda za a share gaba ɗaya, me zai hana a sa Windows 11? Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025. A ɗora abin da aka riga aka yi wa sallama?

Injiniya Nura: 840 G3 furosesarta ƙarni na shida ce. Windows 11 daga na takwas yake karɓa a hukumance, ban da 'yan ƙalilan, ga sharaɗin TPM 2.0, wani guntun tsaro da ke cikin injin.

Sadik: Rufus, manhajar haɗa filashin Windows, yana tsallake wannan. Akwati ɗaya za ka yi wa alama.

Injiniya Nura: Na sani, ina yi wa masu so. Amma Microsoft ta faɗa ƙarara cewa ba ta ɗauki alkawarin sabuntawa ga irin waɗannan injinan ba, kuma in babban sabuntawa na shekara ya fito sau da yawa sai an sake bi da hannu. Kai kana Kazaure cikin 'yan kwamfuta, in ta maƙale ka gyara. Malam yana ƙauye, RAM ɗinsa giga 4, aikinsa Excel da Word da firinta. In ta rikice ranar haɗa sakamako wa zai kira?

Sadik: To a bar Windows a sa Linux Mint. Ba nauyi, bairos bai cika kama shi ba, kyauta.

Malama Hadiza: Sadik, fom ɗin sakamakon da ake turo wa makarantu da Excel aka tsara shi. Ka buɗe a LibreOffice, madadin Office a Linux, layuka su goce, ka buga ya fito shafi biyu. Na gwada a shago, kwastoma ba ruwansa da kyauta ne, takardarsa yake so ta fito daidai.

Sadik: Ni dai ban yarda a bar mutum a kan Windows ɗin da ba a toshe masa ɓaraka ba. Ranar da aka kwashe masa kalmar sirrin banki za a tuna da ni.

Injiniya Nura: Wannan maganar taka tana da ƙamshin gaskiya, ban musa ba. Malam, kar ka riƙa harkar banki a kanta, ka bar wannan a waya, kuma ka riƙa sabunta burauza. In an sa SSD da ƙarin RAM sai mu sake zama a kan 11.

Alhaji Ɗanjuma: Wanda ya turo tallan maganin basir yanzu, na goge. Nan ba wajensa ba ne. Ku ci gaba.

Malam Habu: Salam. Saƙo ya iso, na gode Injiniya, Ɗan Gujungu ya sha lemonsa. Na kwashe na TSOHO da na SABO, na kai had-dis ɗin wajen wani malami mai kwamfuta mun buɗe fayiloli da dama, duk suna buɗewa. Yanzu ina shagon mai cajin waya, yana da sola. A faɗa min daki-daki.

Injiniya Nura: Madalla. Da farko ka zare had-dis ɗina na waje ka sa a aljihu, kar ya kasance a jiki ko kusa. Soka filash, kunna, ka yi ta danna Esc, sai F9. A Dell da yawancin Lenovo F12 ne, ga masu bibiya. Za ka iya ganin sunan filash ɗin sau biyu, ka zaɓi mai UEFI, wato sabon tsarin tayar da kwamfuta. In babu shi, ka shiga F10 ka kunna UEFI a Boot Options. Install now. In ya nemi lambar lasisi ka danna I don't have a product key, irin waɗannan injinan galibi lasisinsu yana cikin madabod, da ta hau intanet za ta kunna kanta. Sai ka zaɓi Custom, ban da Upgrade. In ka iso jerin fatishan ka tsaya ka yi min magana.

Malam Habu: Na iso. Drive 0 Partition 1 TSOHO, Drive 0 Partition 2 SABO. A ƙasa akwai alamar gargaɗi, wai Windows ba zai hau ba saboda MBR, sai GPT.

Injiniya Nura: Daidai. MBR tsohon tsarin raba had-dis ne, ba ya wuce manyan fatishan huɗu da tera 2. UEFI da GPT, sabon tsarin rabawar, yake tafiya. Zaɓi Partition 2 ka danna Delete, sannan Partition 1 ka danna Delete, har ya zama layi ɗaya tak, Drive 0 Unallocated Space, 465. Da zarar ya zama fili, shi da kansa zai mai da shi GPT. Delete na ce, ba Format ba. Format zai bar tsohon tsarin yadda yake.

Malam Habu: Wallahi hannuna rawa yake.

Malama Hadiza: Ka buɗe kayan da idonka a wata kwamfutar, ka ce Bismillah ka danna.

Sadik: In ya ƙi, Malam, ku danna Shift da F10, ku rubuta diskpart, list disk, select disk 0, clean, convert gpt.

Injiniya Nura: In ya ƙi kawai. Kuma a list disk filash ɗin ma yana fitowa, clean ba ya tambayar ko ka tabbata. A duba girma kafin a zaɓi lamba. Na ga wanda ya share filash ɗin da yake ɗora Windows da shi.

Malam Habu: Bai ƙi ba, ya zama layi ɗaya. In raba shi biyu kamar da?

Sadik: A'a Malam, ku bar shi ɗaya. Rabawar nan ce ta jawo wannan rikicin tun farko.

Malama Hadiza: Ni kuma na ce ka raba. Giga 150 ga Windows, sauran na kaya. Gobe in Windows ya lalace a goge C kaɗai, D yana nan. Duk injinan shagona haka suke.

Injiniya Nura: Kowa da hujjarsa. Rabawa tana ceton kaya daga lalacewar Windows, ba ta ceton su daga mutuwar had-dis, don ƙarfe ɗaya ne. In za ka raba, danna New ka rubuta 153600, da mega yake lissafi. Zai ƙirƙiro wasu ƙananan fatishan da kansa, System mai mega 100 da MSR mai mega 16. Nasa ne, kar ka taɓa su ko nan gaba ka ga kamar ba su da amfani. Zaɓi mai 150 ɗin ka danna Next.

Sai abu mafi muhimmanci. In ya gama kwafa ya ce zai sake tashi, da sikirin ya yi baƙi ka zare filash. In ka bar shi, wata injin ta filash za ta sake tashi, ka ga Install now ya dawo, ka zaci bai yi ba ka sake ɗorawa a wani fatishan. Da yawan Windows biyun da ake kawo min ta haka aka same su.

Malam Habu: Na bi ta Malama, na raba. Yana ƙirga kashi-kashi yanzu.

Alhaji Ɗanjuma: Kafin ya gama, ni ma ina da tambaya. Akwai tsohuwar Dell ta ofis da nake so in sayar. In aka yi mata wannan fomat ɗin, komai ya tafi ke nan?

Malama Hadiza: A'a Alhaji. Fomat na gaggawa jerin sunayen kawai yake sharewa, kayan suna kwance har sai wani abu ya hau kansu. Yaro mai Recuva ko PhotoRec zai iya dawo da hotunan iyalinku da takardun fili. In sayarwa za ku yi, a shiga diskpart a yi clean all, shi yana bin had-dis ɗin kaf yana rubuta sifili, yana cin awanni. Ko a yi Reset this PC a zaɓi a cire komai tare da tsabtace had-dis. SSD kuwa saboda TRIM, tsarin da yake share gurbin fayil da kansa, abin da aka goge da wuya ya dawo, wanda alheri ne ga mai sayarwa, musiba ga wanda ya goge bisa kuskure.

Alhaji Ɗanjuma: Subhanallahi. Ashe haka muke ta sayar da sirrinmu. Nura, zan aiko maka da ita.

Usaini Beirut: Kuma wanda tasa take da BitLocker, makullin da Windows yake sa wa had-dis, ya nemi lambobin nan 48 na buɗe shi ya rubuta a takarda kafin ya taɓa BIOS, wato saitin da ake shiga da F10. Sababbin injina da yawa a kulle suke zuwa, mai ita bai sani ba.

Malam Habu: Jama'a, ta tashi, kai tsaye ta shiga. Allah ya saka da alheri, ya ƙara basira. Amma D bai fito a This PC ba, kuma Wi-Fi babu, alamar duniya kawai nake gani a ƙasa.

Injiniya Nura: D yana nan, ba a yanka shi ba ne. Disk Management, danna dama a kan baƙin filin, New Simple Volume, NTFS, ka bi Next har ƙarshe. Wi-Fi kuma diraba ce babu, ƙaramar manhajar da take sa shi aiki. Haɗa wayarka da kebul, kunna USB tethering, ka bar Windows Update ya ɗauko. Zai ci data, ka sayi ta dare. In ka leƙa filash ɗin akwai folda mai suna DIRABA, na sa maka ta Wi-Fi ɗin 840 G3 a ciki, gwada ta tukuna.

Malam Habu: Ta yi, Wi-Fi ya dawo. A Activation ma ya rubuta an kunna da lasisin dijital. Saura Excel da firinta.

Sadik: Malam, Office kar ku karɓi na kirak a hannun kowa, ta nan bairos yake shigowa.

Malama Hadiza: Firintar wace iri ce? Turo lambar da ke jikinta, in ina da dirabarta in turo maka. Kayan kuma a D za ka zuba, kar ka sake tara su a Desktop, Desktop a cikin C yake.

Injiniya Nura: Kar ka goge na had-dis ɗina sai ka yi kwana biyu kana aiki ka tabbatar ba abin da ya ɓace. Lahadi mai zuwa ka bar min su wajen Ɗan Gujungu, filash ɗin akwai mai jiran sa a Kafin Hausa.

Malam Habu: In sha Allahu. Malama, LaserJet P1102 ce.

Malama Hadiza: Ina da ita. Ka hau tudu bayan La'asar, fayil ɗin yana da ɗan nauyi.